Lokaci Ya Yi Da Za Mu Kwance Kayanmu: Jawabin Ma'aji a Bikin Cikar Ƙungiyarmu Shekara 5

 

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, wakilin Sarkin Hausawa, maƙwabtanmu matan masunta da suka bar aikinsu suka zo taya mu murna, da 'yan'uwa membobi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kafin komai a yi mana uzuri in an ji muna tuntuɓe a karatu. Wannan takarda da hannunmu muka rubuta ta, mu 'yan ajin Malama, dare uku muna gogewa muna sakewa. Shekara biyar baya, ko sunanmu sai dai mu dangwala da yatsa. To, alhamdu lillahi.

An ce mu ba da tarihin zamanmu a nan, sannan mu faɗi ra'ayinmu kan kuɗin asusu, tunda yau bayan la'asar za a ɗaga hannu a kansu. Lissafin kuɗin yana shafin ƙarshe na wannan mujalla, kowa ta duba. Tarihin kuwa ga shi.

Yawancinmu a cikin Legas muka yi aure muka haihu, wasu a Obalende, wasu a Ijora, wasu a Idi-Araba. Mazanmu da dama 'yan acaba ne, mu kuma muna da tebur a bakin titi ko rumfa a kasuwa. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 aka hana acaba da keke a manyan sassan birni, su Apapa, Ikeja, Surulere da Eti-Osa. Ba mu gama farfaɗowa ba, sai kullen korona ya zo a ƙarshen Maris. Maigida ba ya fita, mu ba ma fita, mai ɗaki kuma yana ƙwanƙwasa ƙofa. Da aka sassauta kulle, sai wani ya ji daga wani cewa a ƙauyukan gefen Badagry haya da sauƙi, kuma babur yana aiki. Haka muka riƙa zuwa, gida ɗaya yau, gida biyu gobe. A 2022 da aka sake tsananta dokar, wasu suka biyo bayanmu.

Mu faɗi gaskiya, ba da niyyar zama muka zo ba. Kowa cewa take wata uku ne, abu ya lafa mu koma. Akwai wadda har yau jakarta tana ɗaure a ƙarƙashin gado, ta san kanta, ba za mu kama suna ba.

Abin da ya fara damunmu shi ne shiru. Mun saba da ihun kwandasta da ƙarar janareta har asuba. Nan kuwa da an yi isha'i sai duhu, sai rugugin teku kamar hadari yana tahowa bai iso ba. Yaranmu suka yi ta kuka. Mu manya ma barci ya ƙi, muna ta addu'a, muna zaton ruwan zai shigo ɗaki.

Sai ruwan sha. Rijiyar gidan da muka fara sauka zartsi ce, sabulu ba ya kumfa, shayi ba ya shayuwa. Sai iska. Ashe iskar bakin teku gishiri take ɗauke da shi. Kwanon rufi, kwaɗon ƙofa, keken ɗinki, injin markaɗe, duk tsatsa ta ci. Sai danshi. Mun taho da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono, muka ajiye a buhu yadda muka saba, damina ɗaya suka yi funfuna. Damina a nan biyu ce: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, a ɗan tsagaita a Agusta, sannan ƙarama ta dawo a Satumba da Oktoba. A birni ma haka take, amma can kaya ba sa kwana uku a tebur, shi ya sa ba mu taɓa lura ba. Nan ciniki a hankali yake tafiya, kaya su daɗe a ɗaki har su lalace. Jarin wasu daga cikinmu a nan ya narke.

Kasuwa ma ta ba mu kunya. A birni in kin kasa kaya da safe, dubban ƙafafu za su wuce ta gabanki. Nan mu kasa, mu zauna, mu kori ƙuda har azahar. Ga iyakar Seme a rufe tun Agusta 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamba 2020, hanya ta mutu, babu matafiya. Sai muka fara cewa mutanen garin nan ba su da kuɗi, ko kuwa ba sa son sayen kayan Bahaushiya. Allah ya yafe mana, zato ne kawai.

A wannan hali muka kafa adashi, mu 9, naira 200 duk Juma'a. Shi ne ya zama ƙungiyar nan. Kuma a zaman adashin ne wata baiwar Allah, tsohuwa mai bandar kifi, ga ta nan zaune a layin gaba, ta leƙo ta ce mana da Yarbanci: "Ku kuna fita kasuwa da agogo, mu kuwa da ruwa muke fita." Ba mu gane ba sai da ta ja mu bakin teku ta nuna mana.

Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. In wata ya tsaya sabo, ko ya kai daren sha huɗu, cikowar ta fi ƙarfi. Masunta da wannan suke aiki, da shi da yanayin iska. Kuɗi suna shiga hannun mutanen gari ne lokacin da aka ja taru ko kwale-kwale suka dawo, ko da hantsi ne ko da yamma. Mu kuwa a lokacin mun riga mun tattara mun koma gida muna fushi. Abin dariya, mu da muke ƙirgen wata saboda azumi da salla, ashe ilimin yana hannunmu ba mu sani ba. Daga ranar muka fara kai ƙosai da kunu da waina bakin ruwa a kan lokaci. Masu jan taru mutane ne da yawa, kuma da yunwa suke gamawa. Kafin a ce me, roba ta ƙare.

Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Muka koyi zuba kayan miya a robobi masu murfi maimakon buhu, da shanya su duk ranar da rana ta fito. Muka koyi shafa wa ƙarfe mai. Muka koyi tarar ruwan sama a duro. Muka koyi gaisuwa da yaren Egun, ko da ana mana dariya. Muka koyi cewa in an sanar Zangbeto za su fita da dare, sai mu shigar da yara mu rufe ƙofa. Al'adarsu ce ta tsaron gari, mu ba ma shiga, ba ma kuma rainawa, su ma ba su taɓa hana mu kiran salla ba. Har kaguwa da jatan lande, da muke gani mu kau da kai, sai da Malamin masallaci ya gaya mana cewa a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Yanzu yaranmu sun fi mu iya ɓare su.

Matan nan suka koya mana bandar kifi da ɓawon kwakwa, da yadda ake juya shi kada ya ƙone kada kuma ya kwana da ruwa a jikinsa. Suka koya mana tatsar man kwakwa. Mu kuma muna da abin da ba su da shi: dangi a Arewa da sanin 'yan kasuwar Mile 12. Albasar Aliero da waken Dawanau da busasshen tattasai suka fara zuwa ta hannunmu, mu haɗa kuɗi mu saro buhu maimakon kowa ta sayo kwano. Motar da ta kawo kuma ba ma barin ta koma haka, sai mun ɗora mata banda da kwakwa da man kwakwa. Masu kunun aya a Kano da Kaduna ba sa rabuwa da neman kwakwa, ita kuwa a nan ƙasarta ce.

Ranar da muka san amfanin maƙwabtaka ita ce farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace. 'Yan'uwanmu na birni suna kwana a layin banki. Mu a nan, kwanon wake ya tafi, kwandon kifi ya dawo. Bashi kuma a littafi, kuma a lokacin mun fara iya rubutu, ba a yi rigima da kowa ba. Ba wanda ya kwana da yunwa a gidajenmu. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, man injin kwale-kwale ya tashi, kifi ya yi tsada. Da kowa ita kaɗai take saro kaya, wallahi da mun durƙushe. Haɗakar ce ta riƙe mu.

Akwai abu ɗaya da ba ma so mu tuna amma dole. Shekara biyu da suka wuce Allah ya karɓi ran ɗaya daga cikin mu tara na farko, bayan haihuwa. Naƙuda ta zo da tsakar dare, ana ruwa, hanya ta cika, kafin a sami abin hawa a kai ta asibiti jini ya riga ya zuba da yawa. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. A nan aka binne ta. Matan garin nan sun zo sun zauna da mu kwana uku, sun kawo itace da ruwa. A birni da asibiti yana kusa, wannan gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ta don muna yabon ƙauye ba. Amma tun ranar, duk wadda ta ce mana baƙi, sai mu ce baƙon da ke da kabari a gari ai ya wuce baƙo.

To, yanzu ga maganar asusu. Yau mu 43 ne. Wasu 'yan'uwa sun ce a raba kuɗin, kowa ta karɓi nata. Ba mu ga laifinsu ba. Akwai mai aurar da 'ya, akwai mai kuɗin makaranta, akwai mai son komawa Legas ko gida Arewa. Kuɗin guminsu ne, kuma doka ta ƙungiya ta ba duk mai son fita damar karɓar zubinta cif. Ba za a riƙe wa kowa ko kwabo ba.

Amma mu 'yan kwamiti ra'ayinmu shi ne kada a raba duka. In aka raba, kowa za ta sami abin da bai wuce cefanen 'yan makonni ba, ya ƙare, mu dawo inda muka fara. Muna roƙon a kasa shi uku.

Kashi na farko, a kama fili da takarda da shaidu, a gaban masu gari, a gina wurin banda namu da ɗakin ajiya mai dakali, kaya su bar taɓa ƙasa. Yanzu aron murhu muke yi, sai masu shi sun gama, wani lokaci kifinmu ya fara wari kafin layi ya zo kanmu. Kuma kafin a biya ko naira ɗaya, mu da kanmu za mu karanta takardar, tunda Allah ya sa mun iya.

Kashi na biyu ya zauna don lalurar dare kawai. Mu yi yarjejeniya da mai mota ɗaya da mai babur biyu, lambobinsu a bangon kowane ɗaki, kuɗin mai a ajiye. Duk mai ciki a cikinmu ƙungiya ta tabbatar tana zuwa awo, in wata ya kama kuma a san inda za ta haihu tun kafin ranar. A cikin kason nan a sayi rigunan ruwa ga masu tsallakawa da kaya a kwale-kwale. Mu ba a ruwa aka haife mu ba, ba wadda ta iya iyo a cikinmu.

Kashi na uku ya ci gaba da juyawa a sari da rance, kamar yadda aka saba.

'Yan'uwa, yaran da muka zo da su a goye yau suna makaranta, suna jin Hausa da Yarbanci da Egun. In an tambaye su garinsu, nan suke nunawa. Mu ne kawai muke zaune da ƙafa ɗaya a waje. Wadda Allah ya rubuta mata komawa, za mu raka ta tasha da addu'a da guzurin banda. Wadda kuma take nan, to ta jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado ta kwance, kafin danshi ya cinye zannuwan.

Muna godiya ga Malama da ta yi haƙuri da kawunanmu masu tauri. Aji yana nan Asabar da Lahadi bayan la'asar, kuma akwai benci biyu da ba kowa. Muna godiya ga mazanmu da suka bar mu muke fita, da maƙwabtanmu da suka karɓe mu. Wadda muka ɓata wa a wajen karɓar zubi ta yafe mana, aikin kuɗi ne, sai da tsare gida.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya tsare masu shiga ruwa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya nuna mana shekara goma lafiya.