Jawabi a Kan Shan Maganin Hawan Jini

(Wannan shi ne jawabin da mushen lakwal ɗin garinmu ya yi wurin taron ƙungiya na wata. Kwamiti ya ga ya kamata a buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.)



Ni ba likita ba ne, alli da allo ne aikina. Abin da zan faɗa na tambayo shi wurin majon gidan likitarmu, na kuma haɗa da abin da na karanta. Dalilin da ya sa na roƙi a ba ni magana, kun san shi. Kawuna ne. Shekara biyu ke nan aka gwada shi a Gaya, aka tarar jininshi ya hau 18/10, aka rubuta mishi ƙwaya. Ya sha wata biyu, ya ji garau, ya ce ya warke. Daga nan sai ran da kanshi ya yi ciwo yake aika yaro wurin mai tebur a sayo mishi guda. Wata asuba yana alwala, buta ta kuɓuce mishi. Yau ga shi zaune cikin zaure, hannun da ya noma gonar da ta ciyar da mu bai ɗaguwa.

To, mene ne hawan jini, ko tansiyo kamar yadda muke cewa? Masu lambu bakin gulbi sun fi kowa ganewa. Zuciya injin ban ruwa ce, jijiyoyi su ne tiyo. In ruwa ya yi ta bugun tiyo da ƙarfi fiye da kima, yau da gobe sai ya fashe, ko injin ya gaji. In ya fashe ko ya toshe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Haka yake kashe ƙoda, ya rage gani. Mugun abin shi ne yawancin masu shi ba su jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin rahotonta na 2023, mutum ɗaya cikin uku na manya yana da shi, kuma kusan huɗu cikin biyar na masu shi ba su samun magani yadda ya kamata. Gwaji kaɗai ke nuna shi. Daga 14/9 zuwa sama, in aka gwada a ranaku dabam dabam, jini ya hau. In an gwada ka a Kamba aka ce 140/90, kada ka firgita, lissafi ɗaya ne: su da milimita suke faɗi, mu da santimita.

Yanzu ga ƙa'idodin shan magani.

Na farko, wannan ƙwaya ba irin ta ciwon kai ba ce. Ba ta warkar da cutar, riƙe ta take yi, kamar yadda turke ke riƙe doki. Ka tuge turke, doki ya tafi. Kullum ake sha, a lokaci guda, ko kana jin lafiya ko ba ka ji. Wadda aka fi ba mutane, amlodipine, sai ta yi kamar mako guda ana sha kafin ta zauna sosai cikin jini. Saboda haka mai shan guda ran da kanshi ya sara, kuɗinshi kawai yake zubarwa. Ka ɗaura ta da wani abu da ba ka mantawa, kamar sallar asuba. In ka manta jiya, kada ka sha biyu yau.

Na biyu, ya shafe mu mutanen iyaka musamman. Muna cin kasuwar Gaya, mu ƙetare gulbi mu ci ta Malanbil, mu shiga Kamba. Magani guda yana da suna iri iri. Kwalin da aka rubuta ma Amlor da Faransanci, da wanda aka rubuta ma Norvasc da Ingilishi, duka amlodipine ne. Wanda ɗanshi ya aiko mishi ɗaya daga Yamai, ɗiyarshi ta aiko ɗaya daga Birnin Kebbi, ya haɗa yana sha, ya ninka ƙa'ida bai sani ba. Jini ya faɗi, jiri ya kwashe shi. Ku dubi ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin babban, ku dubi lamba kuma: 5 mg ba 10 mg ba ce. Duk sabon kwali, a kai ma majo ya gani kafin a ɓalla.

Na uku, wurin saye. Ku riƙe takardar likita, wato ordonansi, ku tafi farmasi. A 2017 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe 10 na Afirka, har da Nijar da Benin, a kan magungunan zuciya da hawan jini. Kusan ɗaya cikin shida na waɗanda aka auna ba su cika inganci ba, kuma amlodipine da captopril suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ƙwayar da ta wuni kan tire cikin ranar Afrilu, wa zai lamunce maka ita? Araha ba ta ado. Kada kuma a jira ƙwaya ta ƙarshe. Mun ga yadda magani ya yi wuya a 2023 da aka rufe iyakoki. In saura na kwana bakwai, a nemo wani. A ajiye shi cikin kwalinshi, a inuwa, inda hannun yara bai kaiwa.

Na huɗu, kowane magani da halinshi. Amlodipine takan kumbura ƙafa wurin idon sawu. Captopril da enalapril sukan kawo busasshen tari. Mai sa fitsari, da safe ake shan ta don kada ta hana barci. In ka ga irin wannan, kada ka daina da kanka, ka koma a sake maka wata. In kana jin jiri, ka riƙa tashi a hankali. Kada kuma ka ba maƙwabcinka naka don kun yi kuka iri ɗaya.

Iyayena mata, wannan taku ce. Captopril da enalapril suna cutar da ɗan da ke ciki. Macen da ke shan maganin hawan jini, in ta yi ɓatan wata, ta gaggauta faɗa ma ungozomar likita. Akwai wanda ake ba masu ciki, kamar methyldopa.

Na biyar, abubuwan da ke karya ƙarfin magani. Ƙwayoyin ciwon jiki da muke sha bayan aikin gona, diclofenac da ibuprofen, suna tada jini, suna wahalar da ƙoda. Sai gishiri. Mu da ke maƙwabtaka da Foga ba mu san tsadarshi ba, shi ya sa hannunmu ke da nauyi. Abin da aka yarda ma babban mutum a wuni bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen maji da kanwa duk cikin lissafin suke. Mai shan sassaƙe ko jiƙo ya faɗa ma likita, ba abin kunya ba ne. In azumi ya gabato, a je tun cikin Sha'aban a tambayi yadda za a mai da lokacin shan.

Abu na ƙarshe. In kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannu guda ya mutu, ko harshe ya yi nauyi, kada a tsaya shafa mai, kada a ɗura mishi ƙwaya ko ruwa. A nemi mota nan take zuwa asibitin Gaya. Mu ranar kawu sai da hantsi muka ɗauke shi, har yau abin yana damuna.

Ina da roƙo biyu wurin kwamiti. A ciri kuɗi cikin asusun ƙungiya a sayi abin gwajin jini guda, majo ya koya ma mutum biyu, namiji da mace, a riƙa gwaji ran Jumma'a ana rubutawa cikin littafi. Ni kuma na ɗauki alkawarin koya ma ƴan aji shida karanta sunan magani da ranar lalacewarshi, don kowane gida ya samu mai duba ma tsofaffi kwali.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya sa mu amfana. Inda na yi kuskure, majo yana nan zaune, ya gyara mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.