JAWABI A KAN WUTAR MOTAR ƘUNGIYA



Kwamiti ya ɗora mana aikin bincike a kan motar ƙungiya, wato Peugeot 404 bashe wadda ke kai mana marasa lafiya asibitin Maraɗi, tana ɗauko zogala da tumatir daga Jiratawa ranakun kasuwa, Litinin da Juma'a. Kukan da ake yi da ita uku ne: ba ta tashi da safe sai an tura, ƙwan fitilarta yana yawan ƙonewa, kuma batiri yana shanye ruwa. Wasu sun ce a buɗe asusu a sayo sabon batiri. Mu muna roƙon a dakata tukuna, ga dalili.

Motar ga tsohuwa ce. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, a Kaduna kuma an fara haɗa motocin Peugeot a 1975. Cikin wanga tsawon lokaci an sake tsarin wutarta: na farko suna da dinamo, na baya suna da altarnater. Mota irin tamu ta bi hannuwa da yawa, kowane mai ita ya liƙa mata abin da ya samu. Takarda ba za ta gaya mana abin da ke cikinta ba, sai an ɗaga murfin inji an duba.

Ku ɗauki misali da gonakin rani na Jiratawa. Dinamo shi ne injin da ke jawo ruwa. Batiri shi ne tafkin da ake tara ruwan. Tsakaninsu akwai mai tsaron ƙofa, wanda ake ce ma regilater. In ya saki ƙofa, fage ya cika shuka ta ruɓe. In ya ƙuntata, shuka ta bushe. Ga alama ciwon motarmu yana wurin mai tsaron ƙofar nan.

Yaya ake gane shi? Ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu biyu ba, ɗaure a jikin ƙarfen mota kusa da inji. Galibi za ku ga suna a kansa, kamar Ducellier ko Paris-Rhône. Na dinamo yana da bakin waya uku, an rubuta DYN, EXC da BAT. Na altarnater ya fi ƙanƙanta, bakinsa biyu, ɗaya mai alamar + ɗaya EXC. Ba a sa na wannan a madadin na wancan. Shi kuwa dinamo dogo ne kamar guntun taɓarya, altarnater gajere ne mai faɗi da ramukan shan iska. Wanda za a aika kasuwa ya tafi da tsohon a hannu, kada ya sayo da kwatance.

Kafin a kai ga saye, a bi matakai huɗu, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na ɗaya, bel ɗin da ke juya dinamo. A danna shi da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1, ya saki, a ɗaure shi.

Na biyu, kawunan batiri da wayar da ke haɗe da jikin mota, wadda masu gyara ke kira mas. Ƙurar hanyar Tibiri da tsatsa suna hana wuta wucewa. A kankare su, a matse. Sau da yawa fitila mai ƙyaftawa wannan kaɗai ne maganinta.

Na uku, a auna. Mai gyaran wuta ya sa ma'auni a kan batiri a gaban idon mutum biyu na kwamiti. Inji a kashe, lafiyayyen batiri yana nuna wajen bolt 12,5. Inji na aiki an ɗan taka, ya kamata a ga tsakanin 13,8 da 14,5. In ya tsaya ƙasa da 13, wuta ba ta shiga. In ya haura 15, ta yi yawa: shi ke tafasa ruwan batiri, ya kawo wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ya ƙone ƙwan fitila. A irin wanga hali, sabon batiri ma ba zai daɗe ba, kuɗinmu ne za su tafi a banza.

Na huɗu, in dinamo ne, a taɓa shi bayan an kashe inji ya huce. Cikin regilater akwai wani ɗan harshe da ke raba batiri da dinamo in an tsaya. In ya manne, wuta tana komawa baya cikin dare, dinamo ya yi ɗumi, da safe batiri wayam.

Gargaɗi biyu ga direba da yaransa. Kada a yarda wani ya cire wayar batiri inji na aiki wai don gwaji. In altarnater ne, nan take yana iya lalacewa. Kuma kada a zuba wa batiri ruwan rijiya, sai tataccen ruwan batiri da ake sayarwa.

Dattawa, kun sha gaya mana cewa rigakafi ya fi magani. Mace mai naƙuda da tsakar dare ba ta jiran a tara matasa su tura mota. Saboda haka ga abin da muke nema taro ya amince: a fitar da kuɗin awo kawai a wanga mako, a rubuta lambobin da anka gani cikin littafin ƙungiya, a kawo su taro mai zuwa, sannan a yanke abin da za a saya.

Allah shi kiyaye hanya, shi ƙara haɗa kanmu.