Kafin katafila ta shigo unguwa

Kun tuna Tahoua Sakola a 2017, da aka ƙawata birni don bikin 18 ga Disamba. To, tsofaffin unguwanninmu na laka fa? Duk damana katanga na faɗuwa a Madawa, Buza da Keita, sai ka ji ana cewa a rushe kawai. Ni ban yarda ba. Tsohon garin Agadas da laka aka gina shi, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013, kuma yaɓe ake sabunta masa. Ruwan da ya rasa hanya shi ke cin gindin bango, don haka a fara da magudanai. In tashi ya zama dole, magajin gari ya nuna wa mutum fili da takardarsa, a biya shi diyya tukuna.