Inabin Kwarin Kasabalanka da Ƙasar da Ke Ciyar da Shi

Yau sharhinmu zai kai mu ƙasar Chile, zuwa kwarin Kasabalanka da ke tsakanin Santiyago da tashar jiragen ruwa ta Balfaraiso.

A 1982 ne masanin noman inabi Pablo Morandé ya fara dasa inabi a wannan kwari, lokacin da mutane da yawa ke ganin sanyin wurin ya yi yawa. A yau irin inabin da ake kira Chardonnay, wanda ake yin farar giya da shi, na cikin abin da ya sa aka san kwarin a duniya.

Sirrin yana cikin teku da ƙasa. Igiyar ruwan sanyi ta Humboldt tana biyo gaɓar tekun Fasifik, tana turo hazo da safe da iska mai sanyi da yamma. Saboda haka 'ya'yan inabi ke nuna a hankali, tsaminsu bai gushe ba. Ƙasar kuwa tsakuwar dutse ce da ta rududduge, haɗe da jan yumɓu da yashi. Ba ta da ƙarfi sosai, don haka kurangar ba ta cika ganye ba, sai ta zuba ƙarfinta cikin 'ya'ya.

Amma akwai barazana. Kwarin ba shi da babban kogi, rijiyoyi ake dogaro da su, ga fari da ya addabi tsakiyar Chile tun 2010. Wajibi ne manoma da hukuma su daidaita yawan ruwan da ake ja daga ƙarƙashin ƙasa, domin gonakin da za a faɗaɗa gobe kada su busar da rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye.