Ciwon Dunduniya: Jawabi ga Jama'ar Sanyinna

Da yawanmu mun san ciwon nan: ka taka ƙasa da asuba, ka ji kamar ƙusa a dunduniya. Hoton asibiti yakan nuna ɗan ƙashi ya tsiro kamar ƙaya, amma yawanci ba shi ke ciwon ba. Jijiyar tafin ƙafa ce, ko agara, ta wahala.

Saboda haka muna roƙonku, kada a je wurin wanzami a yi sakiya ko tsaga. Gyambo kawai suke bari, ga mai ciwon sukari kuwa gyambo yana iya jawo yanke ƙafa. Allurar likita a dunduniya tana da zafi, takan kawo sauƙi na 'yan makonni, amma yawan maimaita ta yana iya tsinka jijiya. Kada a karɓe ta a kemis.

Abin da ke aiki sai an yi haƙuri da shi. Kafin ku sauko daga gado, ku rataya zane a yatsun ƙafa, ku ja, ku ƙirga 30, sau 3. Kada a tafi gona ba takalmi. Wajen mutum 9 cikin 10 sukan samu sauƙi cikin shekara ɗaya. In ƙafa ta ƙi takuwa sam, sai Babban Asibitin Tambuwal.