Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Karatun Littafi Mai Tsarki a Filinge



'Ya'yana ɗalibai, yau za ku karɓi takardunku, amma jarrabawarku ta gaske tana kasuwar Lahadi. Can wani ɗan'uwa Bakurfaye zai tare ku da tambaya: wai ku Allah uku kuke bauta wa? Kada ku ji haushi. Ikilisiya kanta ta yi shekaru ɗaruruwa kafin ta sami kalmomin amsawa.

Kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Tartuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, shi ya fara rubuta ta da Latin wajen shekara ta 200. Bayan ƙarni ɗaya wani firist na Iskandariya, Ariyus, ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, gardama ta kama kamar wutar daji. A 325 Sarki Kwanstantin ya tara bishof-bishof a Nikiya, suka tsaya a kan cewa Uba da Ɗa zatinsu ɗaya. Duk da haka Atanasiyus, wanda ya tsaya a kan wannan magana, ya sha kora daga Iskandariya har sau biyar. Sai a 381, a Kwanstantinoful, aka cika bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Ku lura, da yawa cikin masu wannan aiki 'yan nahiyarmu ne, kuma wannan yana faranta mini rai.

Ni a ganina bangaskiyar ba ta sāke ba. Mai haƙa rijiya a Dallol Boso ba shi ya halicci ruwan ba, yana dai ƙara zurfi har guga ya kai. Tun a Urushalima manzanni suka zauna a kan batun kaciyar al'ummai, suka yi muhawara kafin su yanke shawara.

Aikin ya iso harshenmu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma masu fassara sun zaɓi kiran Ubangiji da sunan Allah, sunan da maƙwabtanmu Musulmi ke kira kullum. Wannan zaɓi nauyi ne a kanku.

Ku koma garuruwanku, ku ci gaba da karatu. Wanda ya tambaye ku, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, ku amsa da Hausar da zai gane: Allah ɗaya muke bauta wa. Ubangiji ya raka ku.