Ana Jin Murya, Ba A Jin Magana

Jawabin da aka shirya domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe.



Jawabin wannan wata a kan kunne yake. Akwai mutumin da in an zauna da shi a zaure, shi da mutum ɗaya, ana hira lafiya lau. Amma da zarar ya shiga kasuwar Tambuwal ko ta Dogon Daji, ko tashar mota, ko gidan biki, sai magana ta ɓace masa. Yana jin muryar mai magana. Yana ganin bakinsa yana motsi. Abin da ake faɗa ne bai gane ba. Sai ya ce "Na'am?" a maimaita. Ya sake cewa "Na'am?" a sake maimaitawa. A karo na uku kunya ta kama shi, sai ya gyaɗa kai ya yi murmushi, alhali bai ji ba.

Irin wannan mutum yana nan a kowane gari, daga Jabo har Kuchi. Mutane sukan ce girman kai ne da shi. Wasu su ce ya cika mantuwa. A gida kuwa cewa ake yi abin da yake so shi kaɗai yake ji. Sau da yawa ba haka ba ne. Jinsa ne ya fara raguwa, shi kansa bai sani ba.

YADDA KUNNE YAKE AIKI

Abin da ake gani a waje, ganyen kunne ne kawai. Aikinsa tara sauti ya tura shi ciki. Sautin ya bugi dodon kunne, wata 'yar fata mai laushi kamar fatar kalangu. Bayan dodon kunne akwai ƙasusuwa 3, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Su ne suke miƙa bugun zuwa wani wuri can ciki, wanda yake a naɗe kamar katantanwa. Cikin wannan katantanwa akwai ruwa, akwai kuma waɗansu ƙananan gashi wajen 15,000, waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

A riƙe wannan da kyau: gashin nan in ya mutu ba ya sake tsirowa. Gashin kai ana aske shi ya fito. Na cikin kunne ba haka yake ba. Babu allura, babu ƙwaya, babu sassaƙe da zai mayar da shi.

Kuma ba gaba ɗaya yake mutuwa ba. Wanda yake kama siririn sauti shi yakan riga lalacewa. To, a cikin magana, siraran sautuka su ne irin su s, da sh, da ts, da f, da c, da t. Masu kaurin sauti kuwa su ne wasula, wato a, e, i, o, u. Duk wanda ya yi wata guda a aji ya san su. Saboda haka mai wannan lalura yana jin wasula sarai, baƙaƙen ne suke zube masa.

Ga misali. A rubuta waɗannan a allo: sara, shara, tara, tsara, fara. Dukkansu a kunnensa "ara" ne. Shiga da fita, abu ne da kishiyarsa, amma wasulansu ɗaya ne. Ko Basakkwace ya ce "hita", matsalar tana nan. Sittin da tis'in kuwa, tsakaninsu akwai talatin. In buhun albasa ake ciniki, ko ɗan bijimi a kara, wannan talatin ɗin dubbai ne. Mutum ya ce "na sallama" a kan kuɗin da bai ji daidai ba, in an zo biya rigima ta tashi, a ce ya tayar da ciniki. Dattijo mai mutunci sai a kira shi mai magana biyu.

To me ya sa a zaure yake ganewa? Domin a wurin da babu hayaniya ƙwaƙwalwa tana cike gurbi. Ta ji hawa da saukar murya, ta san zancen da ake yi, sai ta cinka sauran. A kasuwa kuwa ga kukan injin niƙa, ga babura, ga mai tallan magani da lasifika, ga ɗaruruwan mutane kowa yana tasa. Ɗan abin da ya rage na siririn sauti sai hayaniya ta binne shi. Ƙwaƙwalwa ta rasa abin kamawa. Shi ya sa irin waɗannan mutane suke dawowa daga kasuwa a gajiye, wani lokaci da ciwon kai, ko ba su ɗauki kaya ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa kunne biyu ne. Sauti yakan riga isa kunnen da ya fi kusa da shi. Da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa take gane inda murya ta fito, ta ware ta daga sauran. Wanda kunnensa ɗaya ya mutu yana iya shekaru bai lura ba. Amma a taro ba ya iya ware murya, kuma in babur ya taho daga baya ba ya sanin ta wane gefe zai kauce. A garin da babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI

Na farko tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutanen da suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 suna da raunin ji mai hana su walwala. Wannan ba abin kunya ba ne, kamar furfura yake.

Sai ƙara mai yawa. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni mai suna desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. In ƙara ta kai 85, bai kamata mutum ya wuce awa 8 a cikinta ba a rana. In ta kai 88, awa 4. In ta kai 91, awa 2. Ba kowa ke da abin awo ba, amma ga hanya mai sauƙi. In mutum yana tsaye nesan hannu da ɗan'uwansa, kuma sai ya ɗaga murya kafin a ji shi, to ƙarar wurin ta isa yin ɓarna. Mai injin niƙa, da mai injin casar shinkafa, da maƙeri, da mai walda, da wanda ke wuni kusa da injin ban ruwa a fadama, da maharbi mai bindiga, duk su gwada wannan. Haka samarin da ke toshe kunne da iyafis su ƙure ƙarar waya tun safe har dare. In an tashi aiki kunne yana ƙugi ko yana "wiii", to gargaɗi ne.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne jariri. Yarinya ta goya ƙanenta ta kai niƙa, ta tsaya a gindin inji har layi ya zo kanta. Ita tana iya toshe kunne da yatsa. Shi ba ya iyawa.

Sai cututtuka, kuma babbarsu a wannan yanki ita ce sanƙarau. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2013 wani sabon nau'i, wanda likitoci ke kira nau'in C, ya ɓulla a Jihar Sakkwato. Ya shiga Jihar Kebbi a 2014, ya ƙetara Jamhuriyar Nijar a 2015. A 2017 ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina, fiye da mutum 1,000 suka rasu a ƙasa baki ɗaya. A 2025 ma cutar ta sake tashi a Gwandu da Aliero da Jega. Akan ƙidaya waɗanda suka rasu. Ba a cika ƙidaya waɗanda suka tashi da kunne ɗaya ba, ko babu ko ɗaya. Alhali cikin mutum 5 da suka warke, wajen 1 yakan tashi da wata naƙasa, kuma rashin ji yana cikin na gaba-gaba. Duk wanda ya tashi daga sanƙarau, yaro ko babba, a kai shi a gwada jinsa cikin makonnin farko. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke rigakafin nau'i 5 na cutar. In masu allura sun zo gari, a fito da yara.

Ƙyanda da hangum su ma suna kashe ji. Haka zazzaɓin Lassa. Haka ciwon kunne mai zubar da ruwa, wanda iyaye da yawa suke cewa zai bari in yaro ya girma. Ruwan nan alama ce dodon kunne ya huje. Akwai kuma magunguna, irin su allurar jentamaisin da kinin, waɗanda in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba suna taɓa kunne. Allura ba abin karɓa ba ce a hannun mai yawo da kwali a kasuwa.

Wani lokaci kuma abin mai sauƙi ne ƙwarai: datti ne ya toshe kunne. Ma'aikacin lafiya yana fitar da shi, ji ya dawo nan take. Amma gashin kaza, da tsinken ashana, da tsinken tsintsiya, tura dattin ciki suke yi, su kuma huda dodon kunne. Kada a ɗiga manja ko ruwan ganye.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mai wannan lalura ya fara da faɗa. "Kunnena ba ya kamawa a hayaniya, mu matsa gefe." Wannan magana ba ta rage wa kowa daraja. Gyaɗa kai a kan abin da ba a ji ba shi ke jawo asara. In ciniki ne babba, a bar gindin inji da bakin lasifika, a koma bayan rumfa. Ya juya wa hayaniya baya, ya fuskanci mai magana. In an faɗi kuɗi, ya maimaita da bakinsa: "Dubu sittin ka ce, shida da sifiri?"

A nan ne karatun da ake yi a aji yake biyan wahalarsa. Wanda ya iya rubuta lamba ba ya rigima a kan sittin da tis'in. Takarda da biro, ko ƙasa da yatsa, ko fuskar waya, duk sun isa. A asibiti ma haka. Wurin karɓar magani cike yake da jama'a da kukan yara. A roƙi mai ba da magani ya rubuta sau nawa za a sha, kuma kwana nawa.

Masu magana da shi su ma da nasu aikin, kuma nasu ya fi yawa. Ihu ba ya taimako. In aka yi ihu wasulan ne suke ƙara ƙarfi, waɗanda dama yana jinsu, baƙaƙen kuwa suna nan a ɓace. Ga shi kuma ihu yana kama da faɗa, sai ran dattijo ya ɓaci. A kira sunansa tukuna, ya juyo. A tsaya inda haske yake a fuska, domin ido yana taya kunne. Kada a yi magana da goro a baki, ko an rufe baki da mayafi ko rawani, ko daga wani ɗaki. A yi magana a hankali, mutum ɗaya bayan ɗaya. In bai gane ba, kada a nanata kalmar nan dai, a sake wata. In bai ji "fita" ba, a ce "je waje". Kalmar da ta fi ciwo ita ce "bar shi kawai, ba komai". Da irin wannan ne mutum yake daina zuwa majalisa, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, ya koma zaman ɗaki shi kaɗai.

Malaman aji su lura da ɗakin da suke koyarwa. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana amsa kuwwa, magana ta cakuɗe. Ɗakin ƙasa mai azara, an shimfiɗa tabarmi, ya fi shi daɗin ji nesa ba kusa ba. Ɗalibin da kullum yake kallon littafin na kusa da shi kafin ya rubuta shifta, a dawo da shi sahun gaba kafin a ce ba shi da ƙoƙari. Kuma malam ya daina bayani yana fuskantar allo.

Masu aiki da inji su nemi abin toshe kunne na soso ko na roba. Auduga ba ta tare ƙara sosai. A sa wa inji da janareto salansa mai kyau, a ɗaure abin da ya kwance, a riƙa fita ana hutar da kunne.

Maganar asibiti kuwa, a fara da na kusa, a Tambuwal ko Kebbe, a duba ko datti ne ko ciwo. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Gwajin ji ba ya da zafi, sauti ake sa wa mutum ya ce ya ji ko bai ji ba. Bayan gwaji ne ake ba da na'urar ƙara ji, a daidaita ta da kunnen mai ita. Wadda aka saya a tebur ba gwaji, hayaniyar kasuwa za ta ƙara masa tare da maganar. Yaron da ji ya tafi gaba ɗaya kuwa, ba a ajiye shi a gida ba. Akwai makarantar A. A. Raji a Sakkwato, inda ake koyar da kurame karatu da maganar hannu.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ranar kasuwa. In mutum ya kwanta lafiya ya tashi kunne ɗaya ya ɗauke, ba ciwo ba ruwa, a tafi asibiti a ranar. Maganinsa a kwanakin farko ya fi aiki. In aka yi makonni ana jira, sau da yawa jin ba ya dawowa.